Kunun Ayan da Gwaggo Ta Hana Ni

Shekara tara ke nan cif da rasuwar Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda mutanen Ƙofar Wambai suka sani da girkin biki. Kowace shekara nakan yi mata addu'a in yi shiru. Bana na kasa shirun, domin Asabar mai zuwa za a ɗaura auren 'yata Zainab, za a yi walima a wani fili a Yelwa, a tsakiyar bazara, kuma ni ce a kan abinci. Ban taɓa riƙe tukunyar biki ni kaɗai ba, ga dangin ango za su zo tun daga Azare. Tsoron jin kunya a gabansu ya hana ni sakat.

Idan aka je wa Gwaggo da maganar biki, ba ta fara tambayar mutum nawa za a ciyar. Tambayarta ita ce wane wata, kuma da wane lokaci. Sai ta yafa gyale ta tafi wurin da za a zauna, daidai lokacin da aka faɗa mata, ta tsaya ta ga inda inuwa take faɗawa, don a nan za ta jera tukwane. Da kaka takan sake jiki, ta yi masa da miyar taushe har kabewa ta ishi kowa. Da damina kuwa, mako guda kafin biki ta sa an shigar da itace zaure, in ka yi mata dariya ta ce ai ba kai za ka sha hayaƙi ba. Bazara ce ba ta wasa da ita. Duk abin da aka yi da gyaɗa ko madara ba ya kusantar filinta, miya sai ta soyu ƙwarai, abin sha kuma tsamiya ce da zoɓo mai citta, a randunan da aka lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu.

Nawa bikin ma a bazara aka yi shi. Ina matuƙar son kunun aya, wanda aka markaɗa da dabino da kwakwa, na kuma gaya wa ƙawayena za su sha su more. Gwaggo ta ce ba da ita ba. Na roƙa, na yi kuka, na kai ƙara wurin mahaifina, ko a jikinta. Abin da kawai ta ce shi ne, "'Yar nan, kunun aya ba ya kai azahar a wannan zafin. Ba zan sallami baƙin ubanki da ciwon ciki ba." Gaskiya na riƙe ta a raina, har na yi wata biyu ban taka gidanta ba. Sai bayan shekaru, a bikin wasu maƙwabta, na ga jarkoki sun kumbura, kunu yana kumfa, uwar amarya tana zagayawa bayan gida tana zubarwa kada surukai su gani. Ranar na je na gaishe da Gwaggo da goro, ban faɗa mata dalili ba.

Yanzu sau da yawa nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga bikin yau. Masu girki sun koma nuna hoton abinci a waya, ka zaɓa kamar kana zaɓen atamfa, babu mai tambayarka wata. Kabeji mai bama da Gwaggo ba za ta bari ya shiga rana ba, shi ake zubawa a roba tun hantsi a rufe. Da ta yi tsaki, na sani. Amma ba na tsammanin za ta ce zamani ya lalace, don ba halinta ba ne.

To, makon jiya Zainab ta zauna gabana ta ce ita kunun aya take so a walimarta. Kafin ta rufe baki na ce ba da ni ba, na ji muryar Gwaggo tana fita daga bakina, har da ɗaga yatsa. Ita ba ta yi kuka irin nawa ba, 'yan yanzu sun fi mu taurin ido. Cewa ta yi, "Umma, lokacin Gwaggo akwai kula da ƙanƙara kamar yanzu? A gwada mana. In ya lalace na haƙura."

Yarinyar nan ta tuna mini abin da na manta. Gwaggo ba daga sama ta samo dokokinta ba, gwadawa take yi. Duk sabon abin da aka kawo mata, sai ta yi kaɗan ta ajiye a tsakar gida, tana ɗanɗanawa lokaci-lokaci har yamma. Ni na haddace abin da ta hana, na bar yadda ta kai ga hanin.

Washegari muka yi kunun da safe. Muka ari kula biyu da ƙanƙara wurin Maman Chika, 'yar kudu mai shagon lemo a layinmu na Fadaman Mada, ta ja mini kunne ta ce, "Hajiya, ƙanƙara na yana kai yamma, amma kar mutane ya dinga buɗe-buɗe." Muka hau keke napep zuwa Yelwa, muka ajiye kulolin a gindin wata bishiyar maina a gefen filin, muka shimfiɗa tabarma. Da azahar kunu lafiya lau. Da la'asar ma yana nan da garɗinsa, na sha kofi guda ina neman aibinsa ban samu ba. Wajen ƙarfe biyar da rabi, ƙanƙara ta narke, ya fara ɗan tsami a bayan harshe. Zainab ce ta fara ji, ta yamutsa fuska ta miƙo mini kofin. Na ji daɗin wannan fiye da yadda zan iya faɗa, don na ga yarinyar ba cin gardama take nema ba, lafiyar baƙinta ce a ranta.

Gwaggo ba ta bar littafi ba, manyan tukwanenta ma an raba su tun da daɗewa. Abin da ya rage mana shi ne wannan ɗabi'a ta duba lokaci, da zuwa a gani da ido, da ɗaukar cikin baƙo a matsayin amana. Na yi zaton abin ya tsaya a kaina, ashe ya tsallake ni ya sauka a kan 'yar da ba ta taɓa tsayawa kusa da murhunta ba. Allah ya jiƙan Gwaggo Asabe, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya maƙogwaron jama'a.

Na amince wa Zainab. Za a yi tsamiya da zoɓo da yawa, a yi kunun aya kula huɗu, shi za a fara rabawa. Saboda haka duk wanda Allah ya kawo shi ranar Asabar, ya sha nasa da wuri. Ana kiran la'asar ni da kaina zan rufe kulolin in sa a kwashe, kuma amarya ce ta ce in tabbatar na yi hakan.