Hannun Kawu a Bututun Hayaƙi

Jiya a gidan gasa naman da nake aiki a kasuwar Souq Waqif, masu wanke bututun hayaƙi suka ce, "Khalas, mun gama." Zuciyata ba ta kwanta ba, sai marigayi Kawu ya faɗo min a rai.

Share bututun murhu yake yi a gidajen Jos. Wata rana ina taya shi aiki, na ce masa na share wani tas. Ya harare ni, ya zura hannu har kafaɗa, ya fito da baƙin maiƙo mai warin kwalta.

"Ɗana, wannan ne ke kama wuta mutane na barci."

Na leƙa namu, maiƙon na nan. Na hana a kunna gawayi.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Kawu.