Mai Gyaran Inji a Jirgin Roba

Abdurrahman gyaran injin ban ruwa yake yi a Madarumfa, a wata rumfar kwano kan hanyar Gabi. Masu lambu duk sun san shi. Ko daga nesa ya ji kukan inji zai gaya maka buji, wato fulogi, ne ya mutu ko ruwa ne ya shiga esansi, wato man fetur. Shekararsa arba'in da ɗaya a bakin tafki, amma bai iya iyo ba, bai kuma taɓa yarda ruwa ya wuce masa gwiwa ba.

Da wata ƙungiya ta kawo wa garin jirgin roba saboda ambaliya, sai aka rasa mai riƙe injinsa, don masunta ba su saba da inji ba. Aka rubuta sunan Abdurrahman ba tare da an tambaye shi ba, shi kuma ya ji kunyar cewa tsoro yake ji. Kwana uku ana koya musu a tafki: yadda ake hura jirgin da famfon ƙafa, a ɗora injin kan katakon baya a ɗaure tamau, a sa jar igiyar kashe inji a wuyan hannu. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne hannun tuƙi, wanda in kana son dama sai ka tura shi hagu.

Damina ta biyu da kawo jirgin, wata Talata da hantsi, gulbi ya cika ya haura lambuna. Aka zo rumfarsa da gudu aka ce Ɗan Baba, wani tsoho mai lambun zogale, ya tafi da matarsa Habiba ɗauko injinsu, ruwa ya rutsa da su. Suna can kan wani tudu gindin mangwaro, tudun kuma yana ta raguwa.

Maza shida suka ɗauko jirgin zuwa bakin ruwa. Wannan ba ruwan tafki ba ne da aka koya musu a ciki. Ja ne, yana gudu, yana tafe da karare da matattun awaki. Abdurrahman ya sa rigar ceto a karkace, sai da Sani masunci, wanda zai riƙe gora a gaba, ya ƙarasa masa ɗaurin.

"Kar ka kalli ruwan," in ji Sani. "Ni ka kalla. Inda na nuna, nan za ka sa hancin jirgi."

Aka tura su. Abdurrahman ya sauke injin, ya matsa robar esansi, ya ja igiya. Shiru. Ya sake ja. Ruwa ya riga ya juya su a karkace yana jan su, mutanen bakin gaɓa suna ta ƙanƙancewa. A ja na huɗu injin ya kama. Don firgita ya tura hannun inda bai kamata ba, jirgin ya yi wani juyi, ruwa ya watso ciki. Sani ya daka masa tsawa, ya gyara, ya fuskanci gudun ruwan.

Suka wuce tudun ta ƙasa sannan suka hauro a hankali, kamar yadda aka koya musu. Habiba na rungume da mangwaron, ruwa a ƙaurinta. Sani ya jawo ta ciki. Ɗan Baba kuwa ya tsaya riƙe da injinsa.

"Baba, bar shi, shigo!" in ji Abdurrahman.

"Ɗana, in na bar wanga mi za mu ci da rani?"

"Jirgin ba zai ɗauka ba. Na rantse ni zan gyara maka shi in ruwa ya janye. Shigo, don Allah!"

Tsohon ya ɗaure injin a jikin itacen da rawaninsa, sannan ya shigo yana waige.

A hanyar komowa ne suka hau shingen ƙaya na wani lambu da ruwa ya rufe. Abdurrahman ya ji ƙarar a ƙarƙashinsa, sai kuma wani huci siriri daga gefen dama. Ya taɓa robar ya ji ta fara laushi. Ya san ɗakin iska uku ne da jirgin, in ɗaya ya sace sauran biyu na iya riƙe su, amma sanin bai hana shi ganin kansa a ƙarƙashin jan ruwan nan ba.

"Kowa ya koma hagu," ya ce, muryar kamar ba tasa ba. "Inna, danne hujin nan da hannunki."

Habiba ta naɗe kallabinta ta danne, tana ta salati. Sani ya aje gora ya hau taka famfo. Abdurrahman ya rage wuta, don in ya matsa wa injin, gefen da ya sace zai nutse. Haka suka riƙa ratsawa kaɗan-kaɗan, ruwa na jan su ƙasa, shi kuma idonsa kan wata bishiyar gawo a gaɓa. Ba su iso inda suka tashi ba. Can nesa suka fita, a gonar dawar wani, mutane suka biyo su da gudu suka shiga ruwa suka kama jirgin.

Da aka sauke tsofaffin, Abdurrahman ya kasa tashi. Sai da aka ɗago shi, ya yi taku biyu ya durƙusa ya yi amai cikin dawa.

Bayan azahar ya manna faci a hujin. Gam ɗin bai gama kamawa ba aka zo aka ce akwai mutum uku kan rufin wani ɗaki wajen Safo. Ya ce a ba shi minti ashirin, ya zauna ya dafa facin da tafin hannunsa. Kafin la'asar suka koma ruwa. Biyu suka samu a kan rufin. Na ukun sai bayan kwana huɗu aka tsinci gawarsa, kuma a jirgin nan aka ɗauko ta.