Magagarin Malam Iro da Fiyanon Gwamnati

Duk wanda ya san marigayi Malam Iro na Daudawa ya san bai taɓa aiki da ƙarfe yadda masana'anta ta fito da shi ba. Magagari ba ya barin aljihunsa. Ko cokali aka miƙa masa a gidan suna, sai ya jujjuya shi, ya taɓe baki, ya ce, "Wanda ya ƙera wannan bai san hannuna ba." Sana'arsa gyaran keken ɗinki da sikeli a kasuwar 'Yankara. Ni kuwa, a shekarun da kuɗin mai ya wadata, ni ne ma'ajin kayan wata kwalejin horon malamai a ƙasar Ƙanƙara, kuma abokinsa, ko da yake har yau ban gano dalilin abotar ba.

A lokacin ne gwamnati ta aiko mana da fiyano, ba tare da kowa ya nema ba. Bazara ɗaya ya yi, tsirkiyoyinsa tara suka tsinke. Muka rubuta, aka aiko da naɗin waya da akwati ɗaya mai ɗauke da kayan aiki guda shida, kowane da hotonsa da lambarsa. Na shigar da su rajista, na sa hannu cewa idan ɗaya ya ɓace, a bakin aikina. Mai gyara ne kawai ba a aiko ba. Shugaban kwaleji ya ce a kira Malam Iro.

Ita tsirkiyar fiyano, a jikin ɗan turken ƙarfe ake naɗe ta, sannan a murɗa turken da wata sifana ta musamman. Malam ya ɗora sifanar, ta yi ta juyi a banza. Ashe fiyanon daga wata ƙasa ya fito, akwatin daga wata. Ya jefa sifanar aljihu, ya hau kekensa. Washegari ya dawo da ita daga maƙera, an matse bakinta, an cire hannunta mai sheƙi an sa mata ƙotar fartanya.

Na ce, "Inna lillahi! Malam, kayan gwamnati ne fa!"

Ya ce, "Tau, Akawu, kira gwamnati ta zo ta murɗa."

Daga nan abin ya wuce misali. Abin naɗe waya ya liƙa masa hannun wani mataccen keken ɗinki da ya samo a Damari. Almakashin waya da filaya suka sha magagari har suka rame. Ƙarfen da ake buga turke da shi kuwa ya datse shi gida biyu, wai rabi ya isa, ɗaya rabin a ajiye saboda gaba. Na rubuta masa takardar gargaɗi har sau uku, cikin ladabi da tsari. Ya ninke su, ya cusa tsakanin tsirkiyoyi don su yi shiru yayin da yake sauraron guda.

Ya ce, "Kaurin takardarka ya yi daidai, Akawu. In ka ƙara husata, ƙaro min biyu."

Abu ɗaya ne ya tsira, wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da ake bugawa ya ba da sautin da za a bi. Na tambaye shi, da gatse, ko magagarin ne ya gaji.

Ya ce, "Kai, mi ka sani? Wannan malami ne. Ana yi wa malami gyara?"

Fiyano ya tashi, ɗalibai suka koma darasi. Sai ga mai binciken kaya daga Kaduna. Ya ɗauki kowane ƙarfe, ya dubi hoto, ya dube ni. Ya rubuta cewa biyar sun ɓace, an cike gurbinsu da tarkace. Shekara goma sha tara ina aiki, ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, ga shi ƙotar fartanya za ta kore ni. Na aika a kira Malam.

Ya iso bai ko gaisa sosai ba, ya miƙa wa baƙon sifanar. "Yallaɓai, ga turke. Murɗa a hankali, ba guga kake ja ba."

Mutumin ya murɗa, ya taɓa fiyanon, ya ji sautin ya hau. Sannan ya ce kwaleji huɗu ya zaga kafin tamu, kayan aikinsu cif suna sheƙi cikin akwati, fiyanonsu kuwa buta ake ɗorawa a kai.

Malam ya ce, "Madalla. Sai a ba akawunansu lambar yabo."

Baƙon ya yage rahotonsa, ya umarce ni in sake rajista bisa abin da ke akwai. Malam na faɗa, ina rubutawa: sifana mai ƙotar fartanya, ɗaya, rabin ƙarfe, biyu. Da haka kaya shida suka zama bakwai, kuma da shekara ta zagayo aka aiko min da takardar tuhuma, in yi bayanin inda na samo na bakwai.

Ra'ayina bai sauya ba: Malam ya karya doka, kuma bai taɓa ba ni haƙuri ba. Sai dai na yi ritaya da mutuncina, kuma hannun da ya jefa ni cikin matsalar shi ya fitar da ni. Ya rasu a Sabuwa, a gidan 'yarsa, labari bai iso ni ba sai bayan an rufe shi.

Allah Ya jiƙan Malam Iro, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Ni dai nawa na yafe tuntuni, ban dai gaya masa ba.