Takabar Inna

Ɗan ƙullutu ne ja a kumatun Inna, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ba zafi ba ƙaiƙayi. Da aka cire shi a Dutse aka gwada, likita ya ce kansar fata ce, irin wadda ba kasafai ake gani ba, kuma ba ta da haƙuri. Aiki ya yi kyau, in ji shi, amma saura gashi, wato a riƙa haska wurin da na'ura don kashe abin da wuƙa ta bari. Ya ja mini kunne cewa da ɗinki ya warke a fara, kada a bari ya wuce 'yan makonni. Na'urar kuwa sai an bar jihar, a tare a can har a gama.

Muna shirin tafiya Allah Ya yi wa Baba rasuwa. Inna ta shiga takaba a ɗakinta na Aujara, ta ce ko zaure ba za ta taka ba sai ta fita.

Na yi lallashi, na yi kuka, na yi faɗa. Ni dama ba a san ni da sanyin baki ba. Har liman na ɗauko, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Hajiya, lalura ce, addini bai hana ki fita neman magani ba." Ta yi masa godiya, ta gyara lulluɓinta. Gwaggo, yayar Baba, ta ja ni gefe. "Ke 'yar nan, so kike garin nan ya ce ɗan'uwana bai huce a kabari ba matarsa ta hau mota? Ai ciwon ya warke, kowa na gani."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: wurin ya warke sumul, ba ni da abin da zan nuna musu. Duk Juma'a ina zuwa daga Dutse, in gaishe ta ina satar kallon wuyanta, inda likita ya ce ciwon kan fara yaɗuwa, tsoro na cina. Na ji haushin Gwaggo, na ji haushin Inna, har Baba sai da na ji haushinsa, Allah Ya yafe mini.

Ranar fita takaba mata suka cika gida. Inna ta yi wanka ta sa sabon zane, Gwaggo da kanta ta zauna yi mata kitso. Tana cikin tsaga sai hannunta ya tsaya a ƙasan kunnen Inna. Ta yafito ni, ta kama yatsana ta ɗora a wurin. Wani abu ne mai tauri, yana gudu a ƙarƙashin fata.

Inna ko juyowa ba ta yi ba.

"Yaya, ƙarasa mini kitson," ta ce. "Na daɗe da jin sa. Gobe sai mu tafi."