Akwatin da na cike wa Baba Ilu

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba Ilu, ɗan kasuwar Damagaram mai sayar da turare a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira. Shi ya tarbe ni lokacin da na sauka Alƙahira karatu ban san kowa ba. Wata uku na kwana a falonsa, matarsa Inna Rakiya tana ciyar da ni. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don abin da zan faɗa ba na yabon kaina ba ne.

A shekarar ƙarshe ta karatuna na samu ɗan aiki a wani kamfanin inshorar lafiya a unguwar Mohandessin. Suna binciken wani tsari na rage kuɗin asibiti: idan an sallami majiyyaci, maimakon ya koma wurin babban likita, sai a kira shi a waya har sau uku a ji lafiyarsa. In ya ce ya samu sauƙi, khalas, shi ke nan an rufe maganarsa. In ya ce a'a, a ba shi takardar ganin likitan. Ni aka ba masu jin Hausa. Har da ɗaga kafaɗa nake yi, wai ni mai bincike.

Sai ga sunan Baba Ilu a jerina. An kwantar da shi kwana huɗu saboda ciwon zuciya. Na kira shi, na ce, "Baba, ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi, ɗana, alhamdu lillahi. Ka ci abinci kuwa?"

To, jama'a, wane Bahaushe ne bai san wannan amsar ba? Dattijonmu ko yana kan gargara abin da zai ce ke nan, balle ga wanda yake ɗauka ɗansa. Mu a wurinmu ba a gane jikin babba ta bakinsa. Zuwa ake yi a zauna, a ga ko ya iya miƙewa salla, a ja matarsa gefe a tambaye ta. Misirawan da suka tsara takardar tambayoyin ba su san haka ba, kuma ba laifinsu ba ne. Ni na sani. Na ji yadda yake yanke magana yana neman numfashi. Amma Ainu Shams da nisa, ga zafi, ga cunkoson jirgin ƙasa na metiro, ga shugabarmu da takan duba takarduna ta ce "tamam", wato ya yi daidai, saboda majiyyatana sun fi na kowa warkewa. Na sa alama a akwatin "ya samu sauƙi". Sau uku na kira shi, sau uku na yi haka. Wallahi ina jin kunyar rubuta wannan.

Bai kai wata biyu ba ya faɗi a shagonsa da hantsi. Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, kuma ban ce babban likita zai hana ajali ba. Amma haƙƙinsa ne ya gan shi, ni kuma na tare ƙofar. Da aka haɗa sakamakon binciken, yana cikin waɗanda aka ce tsarin ya yi musu amfani, domin an rufe lissafi kafin ya rasu. Ban je na gyara ba.

Yanzu ma kiran an daina, saƙo ake turo wa mutum a waya ya danna fuska mai murmushi ko mai kuka. Da Baba Ilu na nan, dariya zai yi ya danna mai murmushin, ya ce kada a wahalar da yaran mutane. Ba na ƙin a rage tsadar magani, na ga waɗanda tsadar ta hana zuwa asibiti. Sai dai duk rahoton da na karanta yana cewa majiyyata sun gamsu, nakan tambayi kaina wa ya yi tambayar, kuma ko ya taka ya je gidan.

Abin da ya rage na Baba Ilu shi ne ɗaliban da ya saukar a falonsa, da Inna Rakiya da ta koma Damagaram. Duk ranar irin ta yau takan kira ni ta sa mini albarka. "Har ya bar duniya yana cewa kai kaɗai ne kake kira ka tambayi jikinsa," in ji ta. Shekara shida ina amsawa da amin. Yau idan ta kira, zan ce, "Inna, ki zauna, akwai abin da ban taɓa gaya miki ba."