Tsarabar Liman

Shekarar da Inna ta zo Umra ina tsakiyar digiri na biyu a Makka, ni da matata muna zaune a wata 'yar shuƙƙa, wato gidan haya a bene, mai ɗaki biyu a unguwar Utaibiyya, hawa na uku. Abin da nake rubutu a kai shi ne raddi ga sababbin mulhidan nan na Turai da Amurka, masu cewa babu Allah, kuma ba a ɓoye suke faɗa ba, littattafai suke bugawa, suna kiran malamai muhawara. Inna kuwa abin da ta sani, ta kuma baza a duk unguwarmu a Zariya, shi ne ɗanta yana karatun tauhidi. Ba ƙarya ba ne, amma ban taɓa yi mata bayani ba. Na san halinta sarai. In ta ji ina wuni da maganar masu ƙaryata Ubangiji, cewa za ta yi in bari, ni kuma ban taɓa tsallake maganarta ba. Wahalar shekara biyu ta tafi a banza ke nan.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai taurin kai, ba ya yarda ka yi raddi ga abin da ba ka karanta ba. Sau biyu yana dawo mini da babi guda, wai na rage wa hujjar mutanen ƙarfi don in ji daɗin kayar da ita. Haushi kamar in yi kuka. Shi ya ba ni kwafin maganganunsu a fassarar Larabci, na kai shago aka ɗinke. Mai shagon kuma salo ɗaya ya iya, baƙin bango da adon ruwan zinare. Don mugunta a ƙasa nake ajiye shi, gefen katifa.

To, Inna ba ta karatu, surorin salla kawai ta haddace, amma tana da doka guda: takarda mai rubutun Larabci ba ta taɓa ƙasa. A Zariya wannan da sauƙi. A Makka fa? Ledar burodi, tallar mai gyaran famfo, kwalin shayi, duk sai ta duƙa ta ɗauke. Daga gida zuwa bakin titi sai mu yi rabin awa.

Kwana biyu da zuwanta na dawo daga makaranta na tarar da littafin a saman durowa, an naɗe shi da sabon ɗankwali, har turare aka yi masa. Ta wanke ni tas, wai karatu ya sa na raina littafi. Matata ta shige kicin, ina jin dariyarta tana ƙoƙarin mayar da ita tari. Haka muka yi sati biyu, in sauke, Inna ta mayar.

Ana gobe za ta tafi, bayan la'asar, na same ta tana shirya jaka. Ga dabino, ga carbi, ga jallabiyoyin jikoki, can a tsakiya kuma ga ɗankwalin nan. Ta ce ta duba littattafaina kaf, wannan ya fi kyau, na Limamin unguwarmu ne, shi da ya yi mini addu'a ranar da zan taho. Na hango bawan Allah ya buɗe shi a zaure gaban jama'a, ana cewa tsarabar Makka ce daga ɗan Hajiya.

Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai. Ina gamawa na fara tunanin yadda zan shaida wa malamina na bari. Sai ta tambaya ko da bakinsu suka faɗa, na ce da bakinsu. Ta yi salati, ta ce Allah Ya shirye su, ai suna da iyaye. Sannan ta ce in nuna mata amsar da na ba su.

Na jawo nawa daga ƙarƙashin tebur, takardu warwatse cikin leda, duk jan biron malam ya cinye su. Nan ne ranta ya ɓaci da gaske. Wai nasu da ruwan zinare, nawa a ledar cefane, ko kunya ba na ji. Ta warware ɗankwalin ta naɗe nawa da shi. Don murna na ɗauki nasu zan wurga gefen katifa, ta buge mini hannu.

"Da sunan Allah a ciki ko babu?"

"Akwai, Inna. Kusan kowane shafi."

"To ba zai taɓa ƙasa ba. Su ne ba su san darajarsa ba." Ta miƙo mini ƙunshin. "Maza ka gama. Liman zai jira naka."

Ya jira shekara ɗaya da rabi. Na kai masa da hannuna, Inna na biye da ni har ƙofar zauren, littafin naɗe a cikin ɗankwalin nan nata.