Muryar Inna a Falon Alhaji

Na fi shekara ashirin ina ba da hayar lasifika a Gusau. Biki ne, wa'azi ne, taron siyasa ne, daga Tsafe har Bungudu da wuya ka nuna filin da ban kafa kayana ba. Mu masu wannan sana'a muna da irin gwajinmu: idan ka gama haɗa wayoyi sai ka ƙure ƙara, ka kara kunne a bakin lasifikar, ka saurara ko takardar ciki ta yage. Haka maigidana ya koya mini, haka na yi ta yi, har da taƙama. Nakan ce babu na'urar da ta kai kunnena.

Akwai wani kaset da nake ji da shi. Lokacin da na sayi rediyona na farko mai ɗaukar magana, na tafi da shi gidanmu a Kekun Waje, na iske Inna durƙushe gaban dutsen niƙa tana waƙa. Na danna maɓallin ɗauka ba ta sani ba. Da ta farga sai ta jefe ni da mara, ta ce in tashi in ba ta wuri. Bai fi minti uku ba, kuma shi ke nan abin da ya rage na muryarta a duniya. Bayan rasuwarta na sa aka juye mini shi a memori.

To amma duk lasifikar da na sa shi, gurzar dutse kawai nake ji sosai. Muryar tana can ƙasa kamar an kife ta da ƙwarya. Na ɗora wa kayana laifi. Na ce kayan fili ne, don ihu aka yi su, ba don muryar tsohuwa ba.

Jikin shagona akwai rumfar wani abokina mai gyaran rediyo, mutumin Tsafe, wanda rashin zaman lafiya ya koro Gusau. Shi ya fara nuna mini bidiyon mutanen ƙasashen waje a wayarsa: ɗaki shimfiɗe da kafet, lasifika biyu a tsaye, kuɗin guda ɗaya ya isa ya sayi gida. A kunna waƙa, mai ɗauka ya yi tsit, kai kuma ka saurara. Wallahi nan take na kamu. Kullum bayan azahar, idan kasuwa ta lafa, sai in manna wayata a kunne ina yanke hukunci. Wannan tana da nauyi, waccan hayaniya ce kawai, wannan kuwa an cuci mai ita. Ni dai nema nake in gano wadda za ta fito mini da Inna.

Wata rana abokin nan ya gaji da ni. Ya ce, "Malam, kai fa wayarka kaka saurare. Sauti ya shiga makirufon wani, ya biyo iska, ya fito ta ramin da bai kai ƙwayar gero ba, kai kuma ka zauna kana raba maki. Wane irin alƙali ne kai?"

Raina ya ɓaci. Na ce mai gyaran rediyo me ya sani ban da dalma da ƙona yatsa? Kwana biyu ban gaishe shi ba. Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce, amma ban daina ba. Har na tsayar da zaɓina a kan wata ta katako mai ruwan ƙasa, na hakikance ita ce.

Sai ga shi na je kafa kaya a walimar 'yar wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. An shigar da ni falo in ja wuta, ina ɗaga kai na ga irinta sak, guda biyu, an lulluɓe kansu da ƙyalle. Da aka watse na cire kunya na ba shi labarin kaset ɗin. Mutumin kirki ne. Ya ce in zo Asabar da hantsi.

Na aika wa Yaya, wadda nake bi, ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu. Ta shiga mota daga Bungudu ta zo. Muka cire takalma muka zauna a kafet, Alhaji ya sa memorin ya danna.

Dutsen ya fara gurza. Na ji shi har a ƙirjina. Ina jiran muryar, sai na ga Yaya ta rufe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Ta ce, "Wayyo Inna! Ka ji awarwaronta? Ka ji 'yan tsaki a bayanta?"

Ban ji awarwaro ba. Ban ji tsaki ba. Muryar tana nan inda na saba barinta, a ƙarƙashin ƙwarya. Na ce Alhaji ya ƙara. Ya ƙara. Na ce ya ƙara dai. Ya dube ni, ya dubi Yaya, gilashin taga har rawa yake. Ban san lokacin da na tashi na je na kara kunnena a bakin lasifikar ba, yadda na saba.

Yaya ta jawo rigata. Ta ce, da ƙarfi, tana kallon fuskata, "Zauna. Lasifikar nan lafiyarta lau. Kunnenka ne. Mun fi shekara muna ɗaga maka murya, matarka ta hana mu gaya maka."

Na zauna. Kunya ta rufe ni a gaban mutumin nan, sannan baƙin ciki ya biyo baya, irin wanda ban ji ba ko ranar da muka kai Inna makwancinta. Daga baya na je asibiti. Likita ya ce ɓangaren da ke jin siraran sauti ne ya mutu, kuma ba ya dawowa. Ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa.

A ranar, kafin mu bar falon, na roƙi Alhaji ya mayar da waƙar farko, na ce Yaya ta riƙa faɗa mini abin da Inna ke cewa. Ta matso kusa da kunnena tana maimaitawa, baiti bayan baiti, da muryarta mai kauri. Ashe a tsakiyar waƙar sunana Inna take kira, tana roƙon Allah Ya raya mata ni.

Memorin yana aljihuna har yau. Na san abin da ta ce. Yadda ta faɗa ne ba zan sake ji ba.